Ƙullutun da na kira ƙaho

Zuwa ga maigidana Sagir,

Assalamu alaikum, ya kwanciya? Na san ba za ka karanta ba. Da ma ko kana raye dariyar rubutuna kake yi, ka ce kaza ce ta bi ta kan takarda. Yi haƙuri da kakarka, ba ni da wanda zan gaya wa.

Gida yana nan. Barkonon da kuka zuba wa taki ya yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa, ni kuwa na kasa sa shi a baki. Mamanka ta daina kunna rediyo. Yara kan taru a ɗakina, in buɗe baki, tatsuniyar ta tsere mini.

Ka tuna da ƙullutun nan ya fito maka a goshi? Na ce ƙaho ne, taurin kai ya yi yawa, ba zan zauna da bunsuru ba. Kowa ya yi dariya, har da kai. Sai wani ya fito a haƙarƙari, ya fashe, ya ƙi warkewa. Wanzami ya ce maruru ne. Aka koma cewa tarin fuka ne ya shiga ƙashi, kai da ba ka tari, ka yi ta shan ƙwayoyi kana ramewa. Sai da aka yanki tsoka aka duba, sannan aka faɗi suna mai tsawo, histoplasmosis. Wai dangin funfuna ce, tana kwance a tsohon kashin jemage da na kaji, a shaƙe ta da ƙura. Lokacin ta riga ta gama da jikinka.

Kashin jemage, Sagir! Wanda ake sharowa daga tsohon sito a kai gona tun ina amarya? Wa ya taɓa ɗaure hanci don taki? Me ya sa ta tsallake tsohuwa marar haƙora ta ɗauki yaron da ko gemu bai fara ba?

Duk tsokanar da na riƙa yi a gefen gadonka, tsoro ne. Bayan ɗaki nake zagawa in yi kukana. Kuma cikin jikokina kai ne nawa, ban dai taɓa faɗa ba don kada kanka ya ƙara girma.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙanenka Nura, shi ke riƙe maka bakin buhu in kana shara. Shekaranjiya ina shafa masa mai na ji wani abu kamar gurjiya a ƙashin wuyansa. Babanku ya tafi da shi asibiti, wannan karon da sunan cutar a bakinsa. An ce akwai magani in an kama ta da wuri. To wa ya san ko da wurin ne? Ban tsokane shi ba.

Ka san halinsa, duk inda ka cire ƙafa nan yake sa tasa. In ka hango shi tafe, don Allah ka kore shi, ka ce Kaka na kira. In dole sai wani ya zo taya ka zama, ni na daɗe da shiri.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Kakarka Hajjo,
daga Gozaki