Makarantar Ta Zauna a Falona

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yaran duka. Yaya ƙafar nan taki? Kina shafa maganin kuwa, ko har yanzu yana cikin leda kina kallonsa daga nesa? Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, na cire takwararki daga makaranta. Na san kin riƙe baki, to saki ki ƙarasa karantawa. Kin san i'inarta. Bana abin ya kai ta daina amsa sunanta a aji, don yaran da ke bayanta suna maimaita mata farkonsa kamar injin da ya ƙi tashi. Malamar ba muguwa ba ce, yara ne suka yi mata yawa, da yarinyar ta maƙale sai ta ƙarasa mata maganar ta wuce. Ranar da na ga tana nuna wa babanta kofin ruwa da yatsa maimakon ta ce a miƙo mata, ranar na ce ya isa haka.

Maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ita ta kai ni wata ƙungiya ta iyalai Musulmi masu karantar da 'ya'yansu a gida. Kowace uwa tana ɗaukar darasi ɗaya ta koyar da yaran kowa, makarantar kuma tana zagayawa gida-gida. Uwar da ba ta koyarwa, 'ya'yanta ba su da wurin zama. Shugabar ƙungiyar tsohuwar malama ce, muna ce mata Hajiya Mai Ƙararrawa saboda 'yar ƙararrawar da ba ta rabuwa da jakarta. Da ta ji a ɗakin gwajin jini nake aiki, sai ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi, dama lissafi da kimiyya marayu ne a wurinsu. Na ɗauki hutun shekara guda a wurin aiki, na wanke farar rigata na rataye.

Abin da ya saye ni wata doka ce tasu. Ba a ƙarasa wa kowa magana. Duk wanda ya miƙe tsaye zai yi magana, yaro ne ko babba, sai kowa ya naɗe hannu ya jira har mutum ya zauna don kansa. Ko agogo ba a kallo. In shirun ya yi tsawo, Hajiya ce kaɗai take cewa, "Muna jira, ba sauri." Ke da ba ki taɓa bari na kai ƙarshen jimla ba tun muna yara, da kwana ɗaya za su kore ki.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na samu taki, na kuma ji faɗan, na gode. Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi. Ki yafe mini shirun watannin nan, yanzu za ki ji dalili.

Makarantar da aka ce tana zagayawa ta zo gidana ta ajiye kaya. Mako ɗaya aka ce. Da makon ya ƙare sai aka lura gidanmu a ƙasa yake, ba hawan bene, falon kuma da faɗi. Wadda za ta karɓi makarantar bayana ta haihu, ta bayanta ana yi mata fenti, ta ukun surukarta ta zo jinya. Yanzu ba mai ko tayar da maganar. Allo yana bangon da hotonmu yake a da. Kujeruna suna jingine a lungu ƙafafu sama. Takalma a bakin ƙofa kamar ƙofar masallaci. Cikin firij, kowace roba da sunan ɗan wani. Baban yara in ya dawo da wuri a ɗaki yake cin abinci, a kan teburin guga, yana lallaɓa cokali kada a ji shi. Hajiya ta yanka nata makullin, wai don kada ta riƙa tashina. Ranar Asabar ma nan iyaye mata suke taro.

Ba zan ce ga wadda ta cuce ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mutanen kirki ne. Da na yi zazzaɓi, kafin in ce wani abu sun share, sun dafa, sun yi wanki, sannan suka ci gaba da karatu a bayan ƙofar ɗakina. Amma Yaya, na gaji. Rabon da in wuce kantin bakin layinmu har na manta. Ina kewar ɗakin gwaji, da sanyinsa, da ƙarar injin da ke juya kwalaben jini, da yadda nake sa ido a madubin duba ƙwayoyin cuta duniya ta yi tsit. A can in na rufe ƙofa ta rufu. A nan ko a banɗaki sai an ƙwanƙwasa an tambaye ni ina magogin allo.

Takwararki kuwa, sai kin gani. Rannan ta miƙe za ta karanta labarin da ta rubuta, ta maƙale a kalmar farko. Yara suka naɗe hannu, har ƙaramin cikinsu mai yoyon hanci. Ni ina bakin ƙofar kicin ina kallo. Can sai kalmar ta fito, sauran suka biyo ta. Yanzu har gardama take yi da 'Yan Biyu, har tsawa na yi mata shekaranjiya don surutu, na koma ɗaki ina dariya ina hawaye.

Ga inda maganar take. Shugaban ɗakin gwaji ya kira ni. Hutuna ya zo ƙarshe, in ban koma farkon wata ba, zai ba wata gurbina, kuma ya ce ba zai iya riƙe mini fiye da haka ba. Na tambayi Baban yara, ya ce duk yadda na gani, ya ci gaba da ɗaure takalminsa. Na ja Hajiya gefe na ce ko zan riƙa koyarwa da yamma bayan na taso. Ta ce yara da safe ƙwaƙwalwarsu take buɗe, doka kuma in an lanƙwasa wa mutum ɗaya ta karye. Daga nan ta kama hannuna ta yi ta zuba mini addu'a, ni da zuriyata, har na rasa ta inda zan sake shiga maganar, sai amin nake cewa.

Na yanke shawara zan koma aiki. Na samo wa yarinyar wata makaranta mai ƙananan azuzuwa, sun ce za su kula da ita. Ranar Asabar zan miƙe a taro in faɗa musu. Ita yarinyar ban gaya mata ba tukuna.

Ki taya ni addu'a Allah ya ba ni baki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙonsa.

An yi taron. Tun safe na haddace abin da zan faɗa, har a gaban madubi na gwada. Bayan an gama maganar jarrabawa Hajiya ta kaɗa ƙararrawa ta ce ko akwai mai magana. Na miƙe. Matan nan duka suka naɗe hannu suka zuba mini ido, fuska a sake. Na ce, "Ina so in ce," shi ke nan, sauran ya maƙale.

Wallahi Yaya, da a ce wata ta tari numfashina ta ce, "Za ki koma aiki ne?" da na gyaɗa kai an wuce wurin. Maman 'Yan Biyu ta sani sarai, na ga amsar a idonta. Amma ba a ƙarasa wa kowa magana. Suka yi ta jira. Ina jin fanka tana juyawa, ina jin famfon kicin yana ɗiga.

Sai ga takwararki ta shigo da tiren kofuna. Ta gan ni a tsaye, ta ajiye tiren a hankali don kada ya yi ƙara, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya, ta naɗe hannuwanta. Ta dube ni irin kallon da nake yi mata shekara da shekaru. Sannan ta ce, a gaban manyan mata cike da falo, ba tare da ta maƙale ko sau ɗaya ba, "Umma, muna jira, ba sauri."

Na ce musu alli ya ƙare. Na zauna. Maman 'Yan Biyu ta ce za ta kawo ranar Litinin, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na kira shugaban ɗakin gwaji na ce ya ba wata gurbina. Ya yi mini fatan alheri. Farar rigar na naɗe ta na sa a ƙasan akwati, don in ina buɗe kabad kullum sai ta fara kallona. Ba wanda ya tilasta ni, kuma da za a sake taron gobe abin da zan yi ke nan. Amma ina jin ƙunci, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Yanzu haka da nake rubutun nan yarinyar tana kicin tana ba babanta labarin da ba kai ba gindi, muryarta har waje, ina jin daɗi, ƙuncin kuma yana nan.

Ki zo in ƙafar ta bari. Ki zo ranar Lahadi, ita kaɗai ce ranar da falon yake nawa, zan sauke miki kujera ɗaya. Akwai sauran maganar da na kasa faɗa a taron, a takardar nan ma ta ƙi fitowa. In na maƙale kada ki naɗe hannu. Ki ƙarasa mini kamar yadda kika saba.

Taki har kullum,
Auta