Jar ƙasa ta riƙe takin Baba

Dogarawa, Laraba da dare, 14 ga Agusta

Baba ya dawo daga gonar tudu ya ƙi cin tuwo. Hatsi ya tsaya gajere, ganyensa ya rine, alhali ya watsa kusan duk buhun takin da Kawu Idi ya aiko daga Konni. Ya ce jabu ne, gobe zai shiga mota ya je ya faɗa masa haka a gaban mutane. Inna ta shiga kwashe kwanoni. Kawu Idi ƙanenta ne, shi kaɗai ya rage mata.

Ni kuwa ina tune da abin da Mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana kafin hutu. Laka da sinadarin alminiyam da ke cikin jar ƙasa irin ta gonar tudu suna kama fosfat na taki su riƙe gam, saiwa ba ta samu. Gara a sa kaɗan a gindin shuka, a haɗa da takin awaki, da a watsa ko'ina.

Sau uku ina buɗe baki ina kasawa. Sai da na kai masa ruwa na faɗa, kaina a sunkuye.

"Wato ni na ɓata shi ke nan, ɗiyar lakwal?"

"A'a Baba, ƙasar ce. Ragowar da kuka sa bayan gida, inda ake ɗaure awaki, ai hatsin ya fi ni tsawo."

Ya ɗauki ruwan ya sha.

Bai ce ya fasa tafiyar ba. Amma ya ce bayan sallar asuba in ɗauko littafin darasina in bi shi gona. Motar Konni kuwa da asuba take tashi.