Baba Ya Ce A Cire Kan

Birnin Kudu, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya tsare ka a waccan ƙasa mai nisa. Mu nan da sauƙi, sai dai ciwon ƙafar Inna ya sake tashi. 'Yar'uwarmu Bara'atu ta sauka lafiya, an samu mace.

Abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne. Bidiyon da ka turo, na mutum-mutumin da kuka ƙera yana buga ƙwallo, Buba ɗan Kawu ya yi ta nuna shi a tashar Gwaram, ka san shi da rawar kai. Kafin Juma'a magana ta isa garinmu Fagam, wai ɗan ladan yana ƙera gunki mai tafiya da ƙafa biyu. Ba wanda ya tari Baba da zancen. Kawai ya je kiran azahar ya tarar da wani riƙe da lasifika, ya juyo gida. Tun yana saurayi yake kiran sallar nan, yanzu a zaure yake wuni, ya rame har na tsorata.

Da na je duba shi, ya ce ya tambayi Liman, Liman ya ce surar mutum-mutumi in an cire mata kai ta zama kamar itace, babu laifi. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi, da ƙafa ake buga ƙwallo, in gaya maka ka cire kan kawai. Ni kuwa na tuna bayaninka cewa idanun na'urar a kan suke, da su take ganin ƙwallo da raga, kuma dokar gasar da kuke shirin shiga ba ta karɓar marar kai. Wallahi na kasa faɗa masa. Ga shi har ya sanar a masallaci cewa ɗansa ba ya ƙetare maganarsa.

Ban san shawarar da zan ba ka ba, zuciyata dai a jagule take. Ka gaida matarka Munawwara da 'yarku Hidaya. Inna da kakarmu Dada suna gaishe ka. Baba ya ce tasa gaisuwar sai ya ga sabon hoto.

Yayarka,
Saudatu