Hannun Tauraron Teku

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ɗakin gwaje-gwajenku mai warin magani.

Yaya, ka cece ni! Na zana wa ajina tauraron teku a allo, na ce dabba ce mai rai, bakinta a ƙarƙashin cikinta. Wallahi dariya suka yi ta yi har da buga tebur. Wata yarinya ta ce, "Malama, to rana fa, ita ma tana iyo?" Yaran nan ko babban tafki ba su taɓa gani ba. Zuciya ta ɗebe ni, na yi alkawari za su taɓa shi da hannunsu. Don Allah ka aro mini busasshe guda a kabad ɗin Farfesanku, kar in ji kunya.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ina fata ke ma haka.

Kin iya ɗaukar alkawari da kayan mutane. Da ƙyar Farfesa ya yarda. Wani ja ya bayar, wanda shi da kansa ya tsinto tun yana saurayi, ya jiƙa shi a magani, ya shanya a inuwa. Na rantse masa zai dawo yadda ya tafi, kuma makullin kabad ɗin a hannuna yake. Ga shi nan a kwali, cikin auduga. Ta tsakiya ake riƙe shi. Kada ruwa ya taɓa shi.

A huta lafiya.
Yayanki

Yayana na kaina,

Gaisuwa da godiya buhu-buhu! Da ka ga ajin nan da na buɗe kwalin! Tsit, kamar an ɗauke wuta. Sai ihu. Suka yi layi suna shafa kaushin bayansa, suna leƙa bakin. Har mai gadi ya baro ƙofa ya zo, ya ce, "Ikon Allah, to ina idonsa?" Mai tambayar rana kuwa ta ƙi komawa kujerarta. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

To, ka zauna kafin ka ci gaba.

Daɗi ya kwashe ni, na gaya musu idan hannunsa ya cire wani yake tohowa, wani lokaci ma guntun ya zama sabon tauraro. Ban ce sai mai rai ba, na ɗauka a fili yake. Na kuma ce na aro ne, zai koma. Ana cikin haka shugabar makaranta ta aiko kirana.

Ina dawowa na tarar da bokitin shara a kan teburina, an wanke shi tas, an cika shi da ruwa, an zuba gishirin da suka roƙo a kicin. Tauraro a ciki, hannunsa ɗaya a gefe. Na ce, "Wa ya yi wannan?" Duk ajin suka miƙe. Wai so suke ya zama biyu, a mayar wa mai shi ɗaya, su riƙe ɗaya.

Na tsamo shi, amma ya yi laushi, ga wani ƙarni da ya kori ajin maƙwabta. Na rasa ko in yi kuka ko in rungume su. Tsoro nake ji kar aikinka ya taɓu saboda ni. Ka yafe mini.

Tawa ta ƙare,
Auta

Auta,

Salama da fatan alheri.

Na kai wa Farfesa labari yadda yake. Bai yi dariya ba. Ya karɓe makullin, yanzu wankin kwalabe nake yi.

Da zan fita ya ce in tambaye ki ko motar makarantarku tana iya doguwar tafiya. Akwai mai rai a tankinmu da ya rasa hannu, sabon ya fara leƙowa kamar kan ashana. Ya ce a kawo masa masu gishirin nan su gani da idonsu, duk ajin, kada a bar ko ɗaya.

Ki ce su zo da hannayensu a aljihu.

Yayanki