Gadon Mutum Ɗaya

Urzica, farkon kaka

Zuwa ga ƙanwar mijina Leontina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwoyinki suna kai ki benenku har yanzu, da fatan ɗanki Dorinel da matarsa suna lafiya. Ni ma ga ni nan, da ni da ragowar haƙorana.

Bayan haka, ina gayyatarki sadakata. Kada ki fara murna, ban mutu ba. Sadakar mai rai zan yi, ranar Asabar bayan an gama tsinkar inabi. Na tsufa ina sayar da kabeji mai tsami a kasuwar Craiova, abu ɗaya na koya: wanda ya ce "zan dawo in saya" ba ya dawowa. 'Yata Viorica tana Italiya tana canza wa tsohon wasu kunzugu. Ranar da na faɗi za ta yi kukanta a waya, ta aiko da furen roba. Iyayenmu sun ce abin da ka bayar da hannunka a nan shi za ka tarar a can. To ni ba zan isa lahira babu takalmi ba don ina jiran 'ya.

Na tanadi komai sabo: tebur, kujera, tukunya, fitila, takalmin sanyi, da gado wanda kafinta ya ƙare jiya. Limamin coci zai zo ya yi addu'a, a ci naɗin kabeji da tuwon masara, a sha barasar gida. Tsofaffin ƙauyen nan har sun fara zama da yunwa saboda ranar.

Ki zo da hularki ta birni, su sami abin kallo.

Matar yayanki,
Gherghina

Craiova

Zuwa ga matar yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta dace. Muna lafiya ƙalau. Dorinel da matarsa ba sa bari ko cokali in ɗauka.

Na sami takardarki, amma labarin ya riga ta isowa. Matar kafinta ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta tare ni a bakin coci. An ce gadon da kika sa aka yi na mutum ɗaya ne, ko kyanwa ba za ta sami gefe ba. Ina tambayarki, a can ɗin ina yayana Nastase zai kwanta? Mutumin da ya ɗauko ki daga bayan ganga kina warin tsami, ya ba ki sunan gidanmu. Ashe jira kike ki mutu ki yi masa yaji. Duk ƙauye sun gane abin da kike nufi, suna dariya, kuma sunan mahaifinmu ake yi wa.

Ki sa a ƙara faɗinsa. In ba haka ba ƙafata ba za ta taka wurin ba.

Wa ma za ki ba kayan? Kuma ɗakin baya, wanda mahaifiyarmu ta zauna, har yanzu yana yoyo? Tambaya ce kawai.

Taki cikin mutunci,
Leontina

Urzica

Madam Leontina,

Gaisuwa, da godiya da wa'azi. Ban san an naɗa ki mai rabon makwanci a lahira ba.

Yayanki yana da gado. Da hannuna na bayar da shi a sadakarsa, mai faɗi, da katifar ulu. Ya shimfiɗe a kai ya yi minsharinsa, ya gayyaci wadda ya saba gayyata ranar kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ke kin san Nastase mai kwat ranar Ista. Ni na san wanda ke shigowa da takalmi cikin bargo, yana warin barasa, ya tura ni jikin bango. Duk zaman aurenmu a gefen katako na kwana, har yau kafaɗata ta hagu tana ba da shaida. Na yi alkawari a coci sai mutuwa ta raba. Ta raba. Ban sa hannu a kan ƙari ba.

Kin tambayi wa zan ba. Nan ne gizo ke saƙa. Kin san ƙa'ida: mace ce za ta karɓa, mabukaciya, ta kwanta a kai, ta ce bogdaproste, kalmar godiyar mai karɓar sadaka, a gaban mutane. Sadakar da ba a faɗa wa kalmar nan ba, ba ta ƙetare kabari. To ƙauyen ya ƙare. Matasa sun tafi Sifen tsinkar 'ya'yan itace, kowace tsohuwa an bar mata gadaje huɗu babu mai kwana. Matalauciya ɗaya da muke taƙama da ita ta mutu da bazara, ba ta ko yi shawara da ni ba.

Sai na tuna da ke.

Kada ki murtuke fuska. Na bar kasuwa, kasuwa ba ta bar ni ba. Mai sayar da cuku a layinmu maƙwabciyarku ce. Ta ce tun da matar Dorinel ta kawo uwarta, a kicin kike kwana kan kujera mai naɗewa, sai kowa ya gama shan shayi kike miƙe ƙafa. Ta ce ranar Lahadi an ɗauke ki a mota wai shan iska, aka nuna miki gidan tsofaffi mai shingen ƙarfe. Gaskiya ne ba sa bari ki ɗauki cokali. An ce har makullin gida ba sa bari ki ɗauka.

Ga ciniki, kuma ban saba yin ragi ba. Gadon yana ɗakin baya, na gyara rufin. Itacen oak ne mai nauyin gaske, ba mai iya hawa bene da shi, saboda haka wadda ta karɓa a nan za ta kwana. Abin da nake so kawai, ki tsaya a gaban limami da matan da kika ƙi gaisarwa tun kina budurwa, ki miƙa hannu, ki faɗi kalmar. Girman kai rawanin tsiya, ƙanwar miji, kuma ba ya maganin sanyi.

Ki gaida Dorinel, ɗa na gari.

Gherghina

Craiova

Gherghina,

Ina gaishe ki don an koya mini gaisuwa a gidanmu.

Mai cuku maƙaryaciya ce, cukunta ma rabinsa gishiri ne. A kicin nake kwana don ya fi ɗumi. Ni 'yar gidan da ke bayarwa ce, ba a taɓa jin bakina ya yi godiyar mabarata ba, balle ga mai kabeji.

Amma zan zo. Likita ya ce iskar ƙauye za ta yi wa ƙirjina amfani. Ki aiko a tare ni a tashar bas, akwatunana biyu ne.

Na karanta takardarki da kyau, musamman inda kika ce sadakar da ba a faɗa wa kalmar ba, ba ta ƙetare kabari. Na gode da tunatarwa.

Leontina

Urzica, bayan sanyi ya shigo

'Yata Viorica,

Ina gaishe ki, ki gaida tsohon da kike jinya in yana gane mutane.

An yi sadaka, an ci an sha. Gwaggonki Leontina ta zo da hula. Na miƙa mata tebur, ta ce bogdaproste, kamar ana zare mata haƙori. Tukunya, ta ce. Fitila da takalmi, ta ce. Da aka zo kan gado sai ta zauna a kai, ta taɓa katifa, ta dube ni ta ce, "Matar yaya, wannan sai na gwada shi tukuna." Limami ya yi tari, ya sake yin tari. Ta cire hula ta kwanta.

Har yau gwaji take. Tana cin tuwona, tana cewa gishiri ya yi yawa. Kullum da safe nakan tsaya bakin ƙofa in ce, "To?" Sai ta ce, "Akwai wani ɗan tudu ta wajen ƙafa." Munafukar ta san ranar da ta faɗi kalmar ba ni da sauran abin nema a wurinta. Ni da na yi rayuwata ina danna sikeli da yatsa, yau mai hula ta yi mini awo.

Jiya ta fara tari, kuma ba irin na limami ba. In ta mutu da kalmar nan a bakinta, zan isa can da tebur da tukunya, in rasa wurin kwana sai gefen ubanki.

Ki aiko da maganin ƙirji, mai kyau, ba irin wanda kike aiko mini ba. Da safa ta ulu. Ƙafarta ta fi tawa ƙanƙanta.

Uwarki,
Gherghina