Baffana ya ce ni zan harbe shi ranar gwajin magani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mai kula da zaure, don girman Allah ka sakaya sunana, ko garinmu ba zan faɗa ba, ku dai ɗauka wani ƙauye ne a gefen Aujara. Wani abokina da ke aiki a sakatariya nan Dutse ne ya zaunar da ni gaban kwamfutar ofishinsu, ya ce a nan akwai malamai da likitoci har da masu kaki, in rubuta ko Allah zai sa a dace. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da wuri, domin ran mutum ne a ciki, ni kuwa ko abinci ya daina shiga mini.

Ni malamin firamare ne, asalinmu Fulani ne amma mun daɗe da zama. Tun bara ɓarayin shanu da 'yan tare hanya suka sako mu gaba, ran kasuwa da rana tsaka sai su tare mutane, ba tsoro ba kunya. Manya suka zauna aka ce a kafa 'yan sintiri, aka nemi izinin hukuma, hukuma ta ce sai an yi mana kwas a Dutse kafin a bar mu mu riƙe bindiga. Baffana, ƙanin mahaifina, shi aka naɗa shugaba saboda tsohon maharbi ne. Shi ya riƙe ni tun da mahaifina ya rasu, shi ya sa ni a makaranta, shi ya yi mini aure. Bai ko tambaye ni ba ya ba da sunana, ni da ko kaza sai dai matata ta kai maƙwabta a yanka mata. Haka na biyo su, ni da babban ɗansa, bari in kira shi Buba.

Wani tsohon soja ne ya koyar da mu, Saje muke ce masa, a wani fili bayan duwatsu. Mutumin nan ba ya wasa. Kullum maganarsa ɗaya, kada bakin bindiga ya kalli mutum ko da ka rantse babu harsashi a ciki, kada yatsa ya taɓa kunama sai ka yi niyyar harbi. Ya koya mana rarrafe da ciki, da laɓewa bayan dutse, da yadda ɗaya zai tsare wa ɗaya in zai tsallaka hanya, gwiwoyina har yau a saɓule suke. Yawancin mutanenmu bindigar toka suka sani, irin ta maƙera da ake ɗura wa albarushi. Amma wani Alhaji mai fataucin shanu ya ba ƙungiya aron tasa mai lasisi, doguwa, ta harbin manyan namun daji, da ita aka koya mana saiti. Ranar farko Saje ya cika durom da ruwa ya ce mu tsaya mu gani. Da ya harba, inda harsashin ya shiga ɗan rami ne kamar yatsa, inda ya fita kuwa dunƙulen hannuna sai ya shige, ya wuce ya ɓare jikin darbejiyar da ke baya. Wallahi tun daga ranar tsoron bindigar nan ya shige ni.

Matsalar ta fara ne a wurin kwanciya. In Saje ya busa usur kowa zai zube ƙasa, Baffa sai ya tsaya ƙyam da rigar layunsa. Saje ya yi lallashi, Baba ka daure ka kwanta, Baffa ya ce shi bai taɓa kwanta wa ƙarfe ba, ya sha magani tun yana saurayi, an harbe shi a gaban jama'a ba sau ɗaya ba bai ko yi ƙwarzane ba. Gaskiya ne, ni ma ina yaro na taɓa gani. Amma da bindigar toka ne, daga nesa, kuma rigar nan fata ce a kan fata, kaurinta ya kai na katifa. Samarinmu suna ta yi masa kirari, Saje ya girgiza kai ya ƙyale shi don ganin furfura.

To ga inda nake so ku fahimta. A al'adar maharban wajenmu, kafin sabuwar ƙungiya ta fita karon farko, sai shugaba ya tsaya an gwada maganinsa a gaban yaransa, don su bi shi da zuciya ɗaya. Kuma bare ba ya harbin gwaji, sai ɗan gida, wai ko wani abu ya faru ba za a bar gaba tsakanin gida biyu ba. An gama kwas, bindigar Alhaji tana hannun Baffa tunda shi ne shugaba. Ya tara mu ya ce ran Asabar ɗin nan za a yi gwajin a fadamar bayan gari, ba da bindigar toka ba, da wannan da ake ta zuzutawa, don ya nuna wa Saje da yaran zamani. Kuma ya ce ni zan harba, saboda ni ne ɗan yayansa, ni ne babba.

Ku da ba ku san gidan Fulani ba, za ku ce in buɗe baki in ce masa a'a mana. Ni tun da nake ban taɓa kallon idon Baffa ba, ko sunansa ba na faɗa. Duk da haka na daure na durƙusa na ce Baffa wannan fa ba irin wadda aka saba ba ce, ya ce boko ne ya cinye mini zuciya, in ina jin tsoro in faɗa a ba Buba. Buba shi ya fi kowa saiti a kwas ɗin nan, har Saje yana tafa masa, kuma ya yarda da maganin ubansa ɗari bisa ɗari, zai saita tsakiyar ƙirji yana murmushi.

Na je wurin Goggo, matar Baffa, ta yi kuka ta ce ita ba ta isa ba. Na je wurin liman, ya ce tun da aka ƙaddamar da shari'a yake wa'azi a kan layun nan, ya kira Baffa ya yi masa nasiha, Baffa ya ce nasa ayoyi ne ba tsafi ba, aka rabu a haka. Liman ya ja ni gefe ya ce in sani, in na harba ya mutu, kisa ne, ba alƙalin da zai saurari zancen al'ada. Na kewaya na tambayi Saje ba tare da na kama suna ba, na ce wai akwai maganin da ke tare irin wannan harsashi. Ya ce a wurin yaƙi da hannunsa ya binne mutane da layunsu a jiki.

Abokina ya ce abu mai sauƙi, in karɓa in kautar da bakin bindigar in harba gefe. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. Na farko ban amince in na nufi gefe ba zan same shi ba. Na biyu in na kuskure shi lafiya, shi ke nan magani ya ci, gobe zai tsaya ƙyam a gaban 'yan fashi, samarin nan duk za su sha su daina kwanciya, kuma duk wanda aka kashe a cikinsu ni na jawo. In kuma na kai ƙara wurin 'yan sanda ko hisba, za a zo a ƙwace bindigar a tafi da Baffa a gaban garin da yake shugabanta, ba zai sake ɗaga kai ba, ni kuma ba ni ba gidan nan har abada. Na san rai ya fi mutunci, na sani, amma ƙafata ta kasa zuwa.

Yau da safe kafin in hau mota na shiga gaishe shi, yana zaune yana shafa wa bindigar mai. Ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarami, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa wajen hagu, ina jin zuciyarsa tana bugawa, ya ce nan za ka saita, kada ka ba ni kunya a gaban mutane. Jama'a, na ce masa to.

Don Allah me zan yi kafin Asabar? In kai shi ƙara ya rayu yana tsine mini, ko akwai wata hanyar da ni ban gani ba?