Jos Ko Gungunmu: Ina Za Mu Kai Yara Hutun Sanyin Bana?

Gwaggo Fadimatu, don Allah ki agaje ni da shawara. Kwana shida ke nan ni da maigidana gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma a kan abin da wasu za su yi wa dariya: inda za mu kai yara hutun makaranta.

Ni malamar firamare ce a Yelwa. Maigidana tafinta ne a ofishin da ke shirya tashin garuruwan da ruwan dam ɗin Kainji zai ci. Baturen da yake wa aiki ya nuna masa hotunan hutunsu a ƙasarsu, shi da matarsa da 'ya'yansu a kan dutse fari fat da ƙanƙara, sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna zamiya. Tun ranar maigidana ya sa a ransa sai ya kai iyali wuri mai sanyi da duwatsu. Aka ce masa Jos ce mai kama da haka. Ya rubuta wa abokinsa a can ya samo mana masauki, ya sayo wa Hafsatu da Dudu rigunan sanyi, duk ban sani ba.

Ni kuwa na ce gungunmu za mu. A wannan tsibiri na tsakiyar Kuwara aka haife ni, can Inna take, can kabarin babana yake, kuma an ce baɗi war haka ruwa ya rufe shi. Hafsatu shekararta takwas, ba ta jin harshenmu na Gunganci ko kalma goma. Dudu bai taɓa kwana can ba. Ina so su ga albasar Inna yanzu da take koriya, su ci kifin da kawunsu zai gasa a bakin ruwa, su san tsamiyar da muke wanki a gindinta. Ba na son su tashi suna cewa uwarsu 'yar wasu gidajen siminti ce da aka jera a tudu don mutanen da za a tasa.

Shi ya ce babu asibiti, ga sauro, ga Dudu mai yawan tari. Na san da haka, can na girma ban mutu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ya ce, "Me yara za su gani a wurin da ya riga ya ƙare?" Shi da bakinsa. Shi da ya raka ma'aikata bara suka shafa lamba da jan fenti a bangon ɗakin Inna, ta dama masa fura ya sha. Tun ranar bai sake taka gungun ba.

Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, na riga na aika wa yayana ya zo da jirgin ruwa ranar Asabar. Maigidana ya yarda ko bai yarda ba, zan shiga da 'ya'yana. In laifi ne ki faɗa mini, amma Jos kam ba ni zuwa.

Ɗiyar Gungu, Yelwa, Disamba 1967

Ɗiyar Gungu,

A kan wuri, ina bayanki. Jos tana nan baɗi da baɗin baɗaɗa, kuma tafiyar kwana biyu a mota da jirgin ƙasa da ƙananan yara, a halin yaƙin da ƙasa take ciki yanzu, ba hutu ba ce. Gungu kuwa bana ce kawai.

A kan ranar Asabar, ba na bayanki. In kika ɗebi yara ba da yardarsa ba, rigimarku za su tuna, ba kakarsu ba. Aika wa yayanki ya ƙara kwana uku.

Tsoron maigidanki a kan Dudu gaskiya ne, ki amsa shi da shiri. Babban jirgi, tafiyar hantsi, ban da lodin kaya. Gidan sauro, maganin zazzaɓi da na tari daga asibiti, ruwan sha a tafasa. Kwana biyar sun isa.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da ya sha furar surukarsa bayan an shafa wa ɗakinta lamba, ya daina zuwa, ina ganin kunya ce ke damunsa, ba raini ba. Maganar da ya yi mummuna ce, ki faɗa masa ta yi miki ciwo, sau ɗaya, ba a gaban yara ba. Amma ba ke za ki cire masa kunyar nan ba. Ki sa Inna ta aiko masa da bakinta cewa tana son ganinsa. Da wuya ya ƙi.

In duk da haka ya ce ba zai iya ba, ki nemi izninsa ku je ku uku, kada ki ja da baya a kan wannan. Ki tafi da littafin rubutu, ki sa Hafsatu ta zauna kusa da kakarta ta rubuta sunayen unguwanni da na waɗanda ke kwance a maƙabarta.

Allah ya tsallakar da ku lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna ranar tashi.

Gwaggo Fadimatu